Tsakiyar Taya

A garin Esquel, shagon Nelida na bayan gidan mai:
ƙofar ƙarfe, kare mai ido ɗaya, warin roba.
Na turo babur da sassafe, sanyi na cizon yatsu,
na ce, "Taya biyu nake so. Tafiyar da nisa."

Ba ta tanka ba. Ta tsuguna,
ta shafa tayar baya da tafin hannu
kamar mai lalube doron sa kafin ciniki.
"Froilan, tsakiyar ta cinye ƙarƙaf,
gefen kuwa ko gashin kamfani bai kakkaɓe ba.
Shekara nawa rabonka da shan kwana?"

Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba.
Gida, aiki, gida, a kan miƙaƙƙen titi ɗaya.
Ashe taya ba ta iya rufa wa mai ita asiri.

Ta sauko da uku daga marataya.
Ta fari sumul, zanenta siriri.
"Wannan 'yar kwalta ce. Ba ƙara, ba jijjigar ƙugu,
ta kai ka, ta dawo da kai, ta sake kai ka.
Amma ran da ta gamu da tsakuwa
za ta taka maka rawar da ba ka kaɗa mata ganga ba."

Ta biyu haƙora gatso-gatso.
"Wannan cizon ƙasa take yi: laka, burji,
ƙoramar da ta tafi da gada.
Sai dai kwalta na cin ta kamar gara,
kuma mita za ta yi maka a kunne har ka isa."

Ta uku ba ta nan, ba ta can.
"Rabi da rabi. Masu saye na ƙaunar ta
don ba ta tilasta musu faɗin inda suka nufa.
To kai ina ka nufa?"

Na ce kudu.
Ta ce kudu ai faɗi gare ta.

Río Gallegos. 'Yata Amparo na can.
Shekara shida ko gaisuwa ba ta haɗa mu ba.
Ta haihu watan jiya, a bakin maƙwabci na ji.
Akwai hanyar bakin teku, kwalta har ƙofar gidanta,
kwana biyu in iska ta yi sassauci.
Akwai ta gindin duwatsu, mai ratse-ratse,
inda iska ke ture mutum kamar tana bin sa bashi,
garken gwanako su tsallaka ba sallama.
Wannan kwana biyar ce, ko shida.
Ni kuwa ban gama haɗa abin da zan ce mata ba.

Nelida ta tsiyaya ruwan zafi a ƙoƙon mate, ta miƙo.
"Shida ke nan," in ji ta.
Ta mirgina mai haƙoran, ta ɗora yatsa
kan lambobi huɗu a gefenta,
mako da shekarar da aka toya ta.
"Ka riƙa duba nan. Roba ko ba a taka ta ba tsufa take,
tana rataye tana bushewa, ta tsattsage ba wanda ya ji."
Ba ta kalle ni ba da ta faɗa. Na gode mata a zuci.

Muka sa mai haƙora a gaba, don ita ke laluben hanya,
rabi-da-rabi a baya, don ita ke ɗaukar kaya.
"In ka shiga tsakuwa ka rage mata iska,
mai tauri ita ke fara zamewa.
Kilomita ɗarin farko ka lallaɓa,
sabuwar roba santsi gare ta."

Tsohuwar kuwa ta wurga ta kan rufi
cikin 'yan'uwanta masu danne kwano.

Na ɗaure jaka. A ƙasanta akwai safar ulu,
ƙarama, ban ma san ko za ta shiga ba.
A fitar gari titi ya karkata hagu wajen tsohuwar tashar jirgi.
Na saki birki, na kwantar da kafaɗa,
na ji gefen taya ya taɓa ƙasa
yana ƙas-ƙas, kamar mai gyaran murya.